DARASIN TURANCI: Inda Bature Yake Ɓoye Faɗansa



A ƙarshen zangon karatun da ya wuce, wani dattijo mahaifin ɗaya daga cikin yaranmu ya tare ni a bakin makaranta bayan la'asar. Ya zaro takardar sakamakon ɗansa ta makarantar boko daga aljihu, fuskar nan tasa sai fara'a. Ya ce, "Malam, taya ni murna, ɗalibinka ya yi abin kai. Har na yi masa alkawarin takalmin ƙwallo." Na karɓa na duba. A gurbin da malamar aji take rubuta ra'ayinta, ga abin da na gani: "Could do better. Has made little progress in Mathematics." Na ce, "Baba, wa ya fassara maka?" Ya ce shi yaron ne da bakinsa, ya ce an rubuta zai iya fin haka nan gaba, kuma ya ɗan samu ci gaba a lissafi.

Ina kyautata wa yaron zato, ba ƙarya ya shirya ba. Kalma bayan kalma ya bi, ya ba kowace fassararta. Sai dai ita malamar faɗa take yi. Abin da take nufi shi ne yaro yana da ƙwaƙwalwa amma ya ƙi amfani da ita, kuma a lissafi kusan yana nan inda aka bar shi bara. Wannan ne ya sa na ga ya dace a fitowar nan mu ɗan ajiye Larabci gefe, mu leƙa Turanci, tunda yawancinku da safe boko kuke zuwa. Abin da nake so ku gane shi ne, Bature idan zai yi suka ko jan kunne, sau da yawa ba ya neman kalma mai zafi. A cikin ginin jimlar yake cusa faɗan. Wanda bai san ginin ba, za a yi masa faɗa yana murmushi. Abin da ya fi wannan muni, shi ma zai iya yi wa babba faɗa alhali a ransa ladabi yake yi.

Mu fara da takardar dattijon nan. Kalmar "could" tana nuna ikon yin abu ya samu, amma shi aikin bai samu ba. Don haka "could do better" ba yabo ba ne. Sai kuma ɗan ƙaramin harafin nan "a", wanda ido yake tsallakewa. Idan an ce "a little progress", an ɗan matsa gaba, a yi hamdala. Idan aka cire "a" aka ce "little progress", to kusan babu komai. Haka "a few" da "few": wanda yake da "a few friends" yana da 'yan abokai daidai gwargwado, mai "few friends" kuwa abin tausayi ne. Akwai wani tarkon da ya fi waɗannan kama mutane, wato "hard" da "hardly". "He works hard" yaro ne mai ƙwazo. "He hardly works" malalaci ne, da ƙyar yake taɓa aiki. Baƙaƙe biyu kacal ne tsakaninsu. Iyaye, in an karanta muku takardar yaro, ku ce a nuna muku da yatsa wace ce daga ciki.

Faɗan abin da ya riga ya wuce

Manyan ɗalibai da muka fara nahawu da su za su tuna fi'ili madi da fi'ili mudari'i, waɗanda iyayenmu malaman zaure suke kira mali da mulari'i, kamar yadda harshen Bahaushe ya mai da ƙadi alƙali. To, a Larabci akwai harafin "halla" da 'yan'uwansa irin su "laula" da "lauma". Idan harafin ya shiga kan mudari'i, kwaɗaitarwa ce da zaburarwa: "halla tajtahidu", wato ba ka dage ba? Har yanzu da sauran lokaci. Idan kuwa ya shiga kan madi, "halla ijtahadta", ya zama taubiki, wato zargi da sa mutum nadama, don lokacin ya riga ya ƙure. Ibn Malik ya taɓo haruffan nan a Alfiyya, Ibn Hisham kuma, wanda ya rasu a shekara ta 761 bayan Hijira, ya rarrabe ma'anonin "laula" a littafinsa Mugnil Labib. Ba a kai ku can ba tukuna, in sha Allahu za a kai.

Na kawo wannan ne don Turanci ma haka yake yi, sai dai da kayan aikinsa. "You should come early" shawara ce ta gobe: ka riƙa zuwa da wuri. Da zarar an ƙara "have" aka kawo siga ta uku ta aikatau, jimlar ta juya baya: "You should have come early." Wato ba ka zo da wuri ba, kuma laifinka ne. Mu a Hausa cewa muke, "Ai da ka zo da wuri," ko "Kamata ya yi a ce tun ɗazu kana nan." Bahaushe ya ce da-na-sani ƙeya ce. To "should have" ita ce ƙeyar Turanci, kullum a baya take. Korewarta kuma "shouldn't have": "You shouldn't have beaten him," ka doke shi, kuma bai kamata ba. "Ought to have" ma'anarsu ɗaya.

Ku kula da siga ta ukun nan. A "go, went, gone" ta ƙarshen ake ɗauka. "You should have gone" ake cewa, "should have went" kuskure ne. Kuma idan kun ga wani ya rubuta "should of" a Facebook, ko da Bature ne ɗan Ingila, kada ku kwaikwaye shi. Kunnensa ne ya yaudare shi, don "should've" a baki tana kama da haka.

Ni kaina wannan ginin ya taɓa kunyata ni. Bayan na gama karatun Larabci na shiga wani kwas na koyon Turanci. Wata rana aka ɗage jarrabawa ba a sanar da mu ba, muka yi sammako a banza. 'Yan aji suka wakilta ni in je ofis. Na tarar da wani dattijo sa'an mahaifina, na rusuna na gaishe shi, sannan na ce, "Sir, you should have informed us." A zuciyata cewa nake, "Ranka ya daɗe, da dai an taimaka an sanar da mu." Sai mutumin nan ya zare tabarau, ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya tambaye ni ko aikinsa na zo in koya masa. Na fito jiki a sanyaye ban san laifina ba. Sai da wani abokina ya fahimtar da ni cewa rusunawata da "sir" ɗina duk ba su goge komai ba, jimlar da na yi irin wadda uba yake yi wa ɗansa ce. Da cewa na yi "It would have helped if we had known earlier, sir," da an rabu lafiya, don babu "you" a ciki, ban nuna kowa da yatsa ba.

Wuri ɗaya ne na sani da "shouldn't have" take zama godiya. Ka kai wa mutum tsaraba, ya karɓa yana dariya ya ce, "Oh, you shouldn't have!" Kada ka karɓe kayanka. Daidai yake da Bahaushe ya ce, "Kai, har da ɗawainiya haka?"

"Could have" da "might have" su ma suna yin wannan aikin, kuma akwai ɓacin rai a cikinsu. "You could have told me!" wato kana da damar gaya mini, ka yi shiru. In aka ƙara "at least" abin ya ƙara nauyi: "You could at least have greeted him," ko gaisuwa ma ta gagare ka? Ita "might have" fuska biyu gare ta, kuma murya ce take raba su. Idan aka danna kalmar farko, "You MIGHT have told me," ma'anar ita ce wataƙila ka gaya mini na manta. Idan aka danna aikatau, "You might have TOLD me," ƙorafi ne tsantsa. Wannan bai kamata ya zama baƙo ga Bahaushe ba, mu da karin sauti yake raba mana fari na launi da fari na rashin ruwa. Masu shirin jarrabawar WAEC su riƙe wannan da kyau, don a takardar gwajin furuci akan rubuta kalma ɗaya da manyan baƙaƙe a tambaye ka wace tambaya ce jimlar take amsawa.

Sai "needn't have". "You needn't have shouted," ka yi tsawar, kuma babu bukatarta. Wannan faɗa ne mai sauƙi, ba ya kai na "shouldn't have" zafi.

Mita a kan hali

Akwai faɗan da ba a kan laifin yau kaɗai ake yin sa ba, a kan halin mutum ne. Inna takan ce, "Kai dai ka cika yar da biro," ko "Kullum sai ka makara." A aji an koya muku cewa "always" da aikatau na sabo take tafiya: "He always comes at eight," kullum ƙarfe takwas yake zuwa. Wannan labari ne kawai, babu yabo babu zargi. Amma ku saurara idan aka haɗa "always" da aikatau mai "ing": "He is always coming late." "You are always losing your pen." Galibi mai maganar ya gaji ne. Na ce galibi, don akan ce "She is always helping people" ana yabo. Abin da ginin yake nunawa shi ne abin ya yawaita fiye da yadda aka zata, kuma ku ma kun sani, abin da ya yawaita har aka yi magana a kai yawanci ba na daɗi ba ne. "Forever" da "constantly" sukan zauna a mazaunin "always" su ƙara gishiri. "Keep" ma haka: "You keep interrupting me," kana ta katse ni.

Wani abin mamaki shi ne "will". Mun san ta da lokaci mai zuwa. Amma in uwa ta danna ta da ƙarfi ta ce, "He WILL play football in his uniform," ba duba take yi ba, ba gobe take nufi ba. Cewa take yaron nan ya kafe, an hana shi ya ƙi hanuwa, sai ya buga ƙwallo da kayan makaranta.

"Too" ba "very" ba ce

A nan ne yaranmu suka fi zamewa, kuma ina ganin na san dalili. A Turancin kan titi na ƙasar nan, in mutum ya burge ka cewa kake, "You are too much!" kuma yabo ne, kowa ya gane. Sai yaro ya ɗauki wannan "too" ya shiga da ita aji. A Turancin littafi, "very" ita ce ƙwarai ko sosai, ita kuwa "too" tana nufin abu ya wuce kima har ya ɓaci. "The tea is very hot," shayi ya yi zafi sosai, a sha da daɗi. "The tea is too hot," ba ya shayuwa. Hausa tana da irin wannan ba tare da ƙarin kalma ba ma. In maigida ya ɗanɗana ya ce, "Miyar nan ta yi gishiri," uwargida ta san ba yaba mata aka yi ba. Saboda haka ke ɗaliba, in shugabar makaranta ta gama jawabi kina son ki yaba, kada ki ce "Your speech was too long" kina nufin ya yi tsawo mai albarka. Kin ce mata ta cika ku da surutu ke nan. Akwai 'yan wuraren da aka saba da su, irin su "You are too kind," waɗanda godiya ce, amma haddace su ake yi, ba a yin ƙiyasi a kansu.

Kishiyar "too" ita ce "not enough": "Your essay is not long enough," bai kai ba.

Daga nan sai mu zo ga halin Turawan Ingila na rage murya. Maimakon su ce abu ya lalace, sai su kore kyansa: "not very good". Maimakon su ce amsa kuskure ce, sai su ce "not quite right". Wanda aka ce masa "That was not very clever" ya sani an kira aikinsa wauta. Kalmomin "a bit" da "rather" su ma da sifa marar daɗi suka fi zama: "a bit expensive", "rather noisy", "a bit late". Kada "a bit" ta ruɗe ku ku ce ai ɗan kaɗan ne. Idan malami ya rubuta a ƙasan aikinka "This is a bit untidy," sake kwafewa yake so ka yi. Hannunka mai sanda ke nan, kuma mai hankali ba ya jira sai an ɗaga sandar.

Tambayar da ba amsa take nema ba

A balaga an karantar da mu istifhami na inkari da na taubiki, wato tambayar da mai yin ta ya riga ya san amsa. Baba ya ce, "Ba ka da ido ne?" Wane yaro ne zai ce, "Ina da shi, Baba, guda biyu"? To Turanci cike yake da irinta. "Can't you read?" "Must you shout?" "Do you have to make so much noise?" "How could you?" Har da "What are you doing in my chair?" wadda ba tambayar aikin da kake yi a kujerar ba ce, tashi ake ce maka. Amsar duk waɗannan ita ce "I'm sorry" da gyara abin.

Ku lura da "why" sosai, don irin rabuwar nan ta madi da mudari'i ta sake dawowa. "Why don't you sit down?" tayi ne, bismillah zauna. "Why didn't you sit down?" tuhuma ce.

Akwai kuma wani rami da aka haƙa musamman domin Bahaushe. Malama ta ce, "Didn't you do your homework?" Yaro bai yi ba, sai ya ce "Yes," don a Hausa cewa muke, "E, ban yi ba." Muna gaskata maganar mai tambaya ne. Bature kuwa aikin yake dubawa: in an yi, "Yes, I did," in ba a yi ba, "No, I didn't." Yaron nan ya faɗi gaskiya da Hausa, ya yi ƙarya da Turanci. Malama ta ce kawo in gani, babu, sai bulala biyu ta hau kansa, ta rashin aiki da ta ƙarya. Maganin abin shi ne kada ku tsaya a "yes" ko "no" kaɗai, ku cika jimlar.

Sauran 'yan gine-ginen ba sai mun daɗe a kansu ba. "I wish you wouldn't shout" a zahiri buri ne, kamar "laita" a Larabci, amma cewa ake ka daina. "It's time you went to bed" da "It's high time you started reading" suna ɗaukar aikatau na shuɗaɗɗen lokaci ko da yake abin bai faru ba, kuma ma'anarsu an riga an makara. Masu jarrabawa suna son wannan, kuma "It's high time you start" faɗuwa ce. "You are supposed to be in class" na nufin me kake yi a nan? A rubuta ta cikakkiya, da "are" da "d" ɗin ƙarshe, ba "you suppose to" ba. Ita kuwa "You had better" gargaɗi ce mai ɗauke da "in ba haka ba" a cikinta ko ba a furta ba. Na sha jin yara suna faɗa wa malamansu ita suna zaton shawara ce mai kyau saboda sun ga "better". Kada ku kuskura.

Yadda ake gyara wa na gaba

To, yanzu mun ji yadda ake gane faɗa. Saura yadda kai za ka yi gyara ba tare da ka ɓata ba, don wata rana dole ka yi. Malami mutum ne, zai iya kuskuren tara maki. Ofis zai iya rubuta sunanka ba daidai ba a takardar shaida, kuma in ka yi shiru kai za ka sha wahalarsa shekara da shekaru. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma ya danganta da bakin da aka faɗe shi.

Babbar dabarar ita ce ɓoye mai aikin. Wannan ma ba sabo ba ne a wurinmu. Uwa ta shigo ta ga ƙofa a buɗe, ta san sarai wanda ya bar ta, amma sai ta ce, "An bar ƙofa a buɗe." Wannan "an" sutura ce. A Larabci shi ne mabni lil majhuli, a share fa'ili a ɗora na'ibinsa a gurbinsa, kuma malaman nahawu sun ambaci rufa wa mai aikin asiri cikin dalilan yin haka. Turanci ma yana da shi: "You left the door open" yatsa ne a ido, "The door was left open" an sakaya. Bayan wannan sai a ƙara kalmomin da suke nuna kai ma kana iya zama mai kuskure, irin su "seem" da "appear" da "may": "There seems to be a mistake." Sannan a mai da umarni roƙo: "I wonder if", "Could you please".

Ga misali. Ɗaliba ta tara makinta ta ga 68, malami ya rubuta 58. Tana iya cewa: "You have made a mistake in my marks. You should have added them well." Nahawun jimlolin nan lafiya lau yake, ba inda za a sa jan biro. Amma "you" biyu ne a ciki, ga kuma "should have". Ko an gyara mata makin, ta bar tabo. Tana kuma iya cewa: "Excuse me, sir. There seems to be a small error in the total. I wonder if it could be checked again." Magana ɗaya ce, maki goman nan dai take nema, kuma ba ta rage komai daga haƙƙinta ba. Bambancin shi ne ta bar wa malam ƙofar da zai fita da mutuncinsa, ya ce, "Kawo mu gani."

Haka "I'm afraid" a farkon jimla ba tsoro ba ne, share fage ne na magana marar daɗi: "I'm afraid this is not what we ordered." Amma ku yi hattara da "with respect" da "with all due respect". A kunnenmu kamar "Allah ya ba ka nasara" ne. A kunnen Bature sanarwa ce cewa musu yana tafe, shi ya sa lauyoyi suke yawan faɗarta a kotu kafin su saɓa wa alƙali. In ba musu za ka yi ba, bar ta.

Sai dai ina da magana a kan suturar nan ta majhuli. An yi ta ne don ka rufa wa wani, ba don ka rufa wa kanka ba. A watan Janairun 1987 shugaban Amurka Ronald Reagan ya tsaya gaban majalisar ƙasarsa yana bayani kan badaƙalar sayar wa Iran makamai a ɓoye, sai ya ce, "serious mistakes were made," wato an yi manyan kurakurai. Wa ya yi su? Jimlar ba ta faɗa ba. Har yau masu nazarin harshe suna kawo irin wannan jimla a matsayin misalin amsa laifi ba tare da an amsa ba. Kada ku yi dariya, ku ma kuna yi. Wanda ya fasa kofi yakan zo ya ce, "Inna, kofi ya fashe," kamar kofin ne ya ga dama ya yi tsalle. Da Turanci "The cup got broken." A'a. In kai ne, ka ce "I broke the cup," in kuma kana son ka cika, ka juyo da ƙeyar nan kanka: "I should have been more careful." A nan "should have" ba ta da laifi ko a gaban wa ka faɗe ta, don kanka ka nuna.

Shi kuwa dattijon da na fara ba ku labarinsa, da na warware masa abin da malamar take nufi, ya yi shiru, sannan ya ce alkawari dai ya riga ya yi, takalmi zai saya, amma a ɗakinsa zai ajiye shi sai ranar da "a" ɗin nan ta dawo gaban "little".

Aikin gida

Ga jimloli biyar. A ƙarƙashin kowace ku rubuta da Hausa, da boko ko da ajami, abin da mai maganar yake nufi a ransa, ba fassarar kalmomi ba. Ta farko: "She hardly speaks in class." Ta biyu: "You might have WAITED for me." Ta uku: "Why don't you ask your brother?" Ta huɗu: "He is forever borrowing my ruler." Ta biyar: "Few pupils passed the test." Guda ɗaya daga cikinsu babu faɗa a cikinta ko kaɗan, ku ja mata layi.

Bayan haka kowa ya rubuta gajeriyar wasiƙa ta layi huɗu ko biyar zuwa ga shugaban makarantarsa ta boko, yana sanar da shi an rubuta sunan mahaifinsa ba daidai ba a takardar sakamako. Sharaɗi shi ne kada kalmar "you" ta fito fiye da sau ɗaya. A kawo mini ranar Asabar kafin a shiga aji. Wanda yayansa ya rubuta masa zan gane, don na san rubutun yayyenku, su ma ta hannuna suka bi.